Shunin Ƙofar Mata ya koma shunayya a takarda: a ina na kuskure, wace takarda kuma zan nema?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a sana'ar nan, don kaina ya ɗaure.

Ni mai hoton biki ne, shekarata ta bakwai ke nan. Kamu, ɗaurin aure, suna, walimar sauka, da su nake ci da su nake sha. Amma kusan shekara biyu ke nan, duk ranar da ba ni da aiki nakan rataya kyamara in tafi marinar Ƙofar Mata da sassafe, kafin rana ta take. Tun marinan suna yi mini kallon ɗan yawon buɗe ido har suka saba, yanzu in na yi sati ban leƙa ba sai an ce ko lafiya. Hotunan da na tara sun fi dubu, na tace na fitar da 14 da ba zan ji kunyar sa sunana a ƙasansu ba. Wani bawan Allah mai ɗakin baje kolin zane a Abuja ya gan su a waya, ya ce in kai masa goma bayan Sallah, in an sayar mu raba. Ya ƙara da cewa, "Amma fa a buga su a takardar kirki." Na ce to, kamar na gane abin da yake nufi.

Biyu daga ciki su suka fi tsaya mini a rai. Na farko hannun wani dattijo ne ya ɗago ƙyalle daga rami, hannun ya rine har gwiwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san ƙyalle kore-kore yake fitowa daga ruwan baba, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi a kan idonka. To ni a tsakiyar juyewar na kama shi, sama ta yi shuɗi, ƙasa tana kore, ruwa na ɗiga. Na biyu a ɗakin 'yan bugu na ɗauka, turkudi a kan gungume yana walƙiya kamar an shafa masa mai, bayan ɗakin kuma duhu ne sai ɗan hasken ƙofa.

Na kai su wurin da nake wanke hotunan albam, na ce a yi mini inci 12 da 18. Da aka miƙo mini sai da gabana ya faɗi. Shuɗin nan ya koma shunayya, koren ya ɓace, fuskar dattijon ta zama baƙi ƙirin, ido kawai ake gani. Na ce ko injinsu ne, na tafi wurin masu buga bana aka yi mini ɗaya a kan kambas. Wannan ma gara na farko: wari kamar na fenti, da aka ja shi a jikin katako kuma sai launin ya tsage a kusurwa. Duk da haka na ɗauki na farkon na kai wa dattijon, don na yi masa alkawari. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, hannun dai nawa ne, amma wannan ba rininmu ba ne. Galura ce." Wallahi har yau maganar tana cina.

Tambayoyina: mece ce "takardar kirkin" nan? Laifin takarda ne ko na tawada ko nawa? Kyamarata mai megafiksel 24 ce, har wane girma zan iya bugawa? Sannan wani abokina yana ta zuga ni in sayi firinta Epson L1800 in riƙa bugawa a gida, ya ce shi da ita yake komai. In saya?

Tsohon Mai Hoto, Zariya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikata ce take rubuta mini, ni ido ya yi nisa.

Dattijon nan ya yi maka karatun da babu makarantar da za ta yi maka, ka koma ka gode masa.

Ni na fara wankin hoto tun ana shiga ɗaki a kulle, a kunna jar fitila, a ɗora dodo, wato fim ɗin da aka ɗauki hoton a kansa, a na'ura a haska shi kan takarda, sannan a bi da ita faranti uku na magani. Takarda iri biyu muke da ita. Akwai mai rufin roba ciki da baya, ita ce ta kasuwa, minti kaɗan ka ɗauraye ta bushe ka ba mai ita. Akwai kuma ta gaske, zallar takarda mai kauri, wadda aka shafe fuskarta da wani farin ma'adini da ake kira barita kafin a zuba maganin azurfa. Wannan sai ta yi wajen awa guda ruwa na bi ta kanta, in ta bushe kuma ta nannaɗe kamar ganda, sai ka danne ta da littattafai ta kwana. Wahala ce, shi ya sa muka guje ta. Amma hoton mahaifina da aka yi a irinta yana nan a bangon ɗakina, ko gezau. Hotunan auren 'ya'yana na kala da aka wanke a shekarun 1980 kuwa duk sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan goro.

Shawarata, mayar da hotunan nan baƙi da fari ka huta da rigimar launi. Dubi Ojeikere, mutumin da ya fara bin kitson matan Najeriya yana ɗauka tun 1968. Baƙi da fari ne, a takardar azurfa, kuma har Benis ta Italiya aka rataye su a 2013. Dubi Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako. Waye ya taɓa cewa hotonsu ya rasa wani abu don babu kala? Hannun marini da jijiyoyinsa, da ruwan da ke ɗiga, sun ishi hoto.

In kuma ka ƙi, to ga abu ɗaya da bai canja ba tun zamaninmu: ba a sa takarda sukutum a gwaji. Mu yanka siririya muke yi, mu ɗora ta daidai wurin da ya fi wuya a hoton, mu gwada sau huɗu sau biyar, sai ta yi sannan mu ciro babba daga kwali. Ku yaran yanzu kuna ganin abu a waya sai ku ce a buga goma.

Yaya Mai Firinta:

Baba, a gafarce ni, yau sai na saɓa maka a abu ɗaya. Ojeikere siffa yake bi, tudu da kwarin kitso, launi ba ya cikin lissafinsa. Shi kuwa ƙanena launin ya je ɗauka. In ka cire shuɗi daga marina, me ya rage? Rami da tsumma. Maganar yankan gwaji kuwa, na sa hannu biyu na karɓa.

Ƙanena, ni aikina ke nan, buga wa masu zane da masu hoto, shekara tara. Bari in fara da inda ba za ka so ba: rabin laifin naka ne, kuma tun kafin a zo kan takarda.

Yaya ka tura musu hoton? In ta WhatsApp ka tura shi a matsayin hoto, an riga an matse shi an zubar da rabin abin da ke ciki. A filashi ake kaiwa, ko a tura shi a matsayin fayil, irin wanda ake kira TIFF, da ba ya zubar da komai, in da hali. Na biyu, fuskar dattijon da ta yi baƙi. Na rantse allon kwamfutarka a ƙure yake da haske. Allo fitila ce, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, sai wanda ya faɗo mata. Kai kana ganin kumatu da gemu a cikin inuwa saboda fitila na haska su ta baya, a fayil ɗin kuwa sun kusa baƙi. Masu wannan aiki suna sauke hasken allo zuwa tsakanin kandela 80 da 120, kandela kuwa ma'aunin haske ce. In ba ka da na'urar aunawa, buɗe farin shafi a allon, ka riƙe farar takarda a gefensa cikin hasken ɗakin, ka yi ta ragewa har su yi kusa da juna. Za ka ga hotunanka duk sun yi duhu. Haka suke tun asali, yanzu ne ka gani. Kuma wannan ya fi cizon mu masu ɗaukar baƙar fata, don a cikin inuwar nan fuskokinmu suke.

Sai shunayya. Allo yana da shuɗin kansa tsantsa. Takarda ba ta da shi, haɗa shi ake yi da siyan da majenta, wato shuɗi mai ruwan omo da ja mai ruwan hoda. Shuɗi mai zurfi irin na baba yana bakin iyakar abin da injin zai iya, to in ya kasa kaiwa sai ya ja shi zuwa launi mafi kusa, kuma sau da yawa ta wajen majenta yake faɗawa. Ga kuma injinan wankin albam, yawanci a kunne suke da gyaran kai-da-kai, saboda fuskar amarya ta yi haske ta yi ja-ja. Injin ya ga hoto duk shuɗi, ya ɗauka kuskure ne, ya ƙara masa ja. Ko a can ɗin, da ka ce wa yaron ya kashe gyaran, ka kuma ba shi fayil a tsarin launi na gama-gari da ake kira sRGB, da abin bai kai haka muni ba.

Maganin shi ne abin da ake kira furofayil na ICC. Ɗan fayil ne da ke faɗa wa kwamfuta yadda wannan firinta, da wannan tawada, a kan wannan takarda suke fitar da kowane launi. Kowace takarda da nata. Kamfanonin takarda suna ajiye su kyauta a shafukansu, ko ka karɓa a wurin wanda zai buga maka. Ka sa shi a manhajar gyaran hoto, Lightroom ko Photoshop, ka kunna gwajin bugu na kan allo, nan take za ka ga shuɗinka ya karkace tun ba ka kashe ko sisi ba. Sai ka ɗan janye shi zuwa wajen kore, ka rage masa ƙarfi kaɗan, har ya zauna. Duk mai bugun da ka tambaye shi furofayil ya ce "mene ne haka", yi masa sallama.

Yanzu tawada, kuma a nan amsar L1800 take. Tawada iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ya narke a ruwa kamar galurar da dattijonka ya ambata. Tana da kyau ranar farko, tana da araha, amma haske da iska suna cin ta. Akwai kuma ta gari, wadda launinta ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa narkewa, suna zama a fuskar takarda. Ita ce mai daɗewa, ita kuma masu sayen hoto suke tambaya. L1800 kala shida ce, duka na rini. Ta yi daidai da hoton biki da katin gayyata, ban raina ta ba, amma kada ka sayar wa mutum hoton bango da ita ka ce na gado ne. Masu tawadar gari su ne irin su Epson P700 da P900, da Canon PRO-300 da PRO-1000. Abin da zai ba ka sha'awa, P700 da P900 suna da tawada goma, ɗaya daga ciki shunayya ce zalla, an sa ta ne musamman don shuɗi mai zurfi ya fita. PRO-1000 kuma tana da shuɗiyar tawada tata daban. Nemi mai ɗaya daga cikinsu.

Amma kar ka saya. Hoto goma ba ya sa a sayi firinta. Irin waɗannan in suka yi sati biyu ba a kunna su ba, musamman da hunturu, kan yakan toshe, ka yi ta wanke shi da tawadar da ka sayo da dala. Ga wuta: a ɗauke ta ana tsakiyar bugu, takardar ta tafi ke nan. Ni sai da na haɗa tawa da batir kafin na samu barci.

In mutumin Abujan ya ce maka "jikile" yake so, kada kalmar ta firgita ka. Daga Faransanci take, feshi take nufi, wani mai bugu a Amurka, Jack Duganne, shi ya laƙaba ta a 1991 don kada a ce wa masu kuɗi hoton firinta ne suke saya. Yau abin da ake nufi da ita bai wuce tawadar gari a kan takarda mai kyau ba.

To ga takardar. Kashi uku zan yi maka ita.

Ta farko mai rufin roba, irin wadda Baba ya faɗa, har yau ana yin ta don firinta. Ita ce mai araha, yi gwaje-gwajenka na farko a kanta.

Ta biyu ta auduga marar sheƙi. Wadda aka fi sani ita ce Photo Rag ta Hahnemühle, kamfanin Jamus da ke yin takarda tun 1584, nauyinta giram 308 a murabba'in mita, auduga zalla. Canson ta Faransa tana da tata, Rag Photographique, giram 310. In ka riƙe ta a hannu kamar ka riƙe sabuwar shadda da ba a sa wa sitaci ba, ba ta ƙyalli ko ta ina ka tsaya. Kowa in ya fara taɓa ta sai ya ce ita yake so. Amma tana da hali: baƙinta ba ya kai wa ƙarshe, yana tsayawa a gawayi-gawayi, launuka masu zurfi kuma suna kwantawa. Hoton hazo, ganuwa da safe, bangon ƙasa, tsohuwa a zaure, nan ne gidanta. Fuskarta kuma ba ta son taɓi, farce kaɗan ya bar tabo a wurin duhu. Kafin a sa ta a inji sai an share ta da burushi mai laushi, in ba haka ba ɗan ɓurɓushin auduga zai ɗauki tawada ya faɗi daga baya, ya bar maka farin ɗigo a tsakiyar goshin mutum.

Ta uku ita ce jikar takardar Baba, barita ta firinta. Akwai Photo Rag Baryta mai giram 315, akwai Baryta Photographique ta Canson, akwai Gold Fibre Silk ta Ilford. Platine ta Canson ma a nan ake lissafa ta, ko da yake ita ba ta da ma'adinin, kamannin ne ɗaya. Sheƙinsu ba irin na hoton albam ba ne mai kashe ido, a'a, irin na fatar da aka shafa wa man kaɗe ne. Baƙinsu yana nutsewa sosai, shuɗi yana tsayawa da ƙafarsa. Hoton turkudinka ba shi da wata takarda sai wannan. Yadin da 'yan bugu suka wuni suna duka don ya yi walƙiya, in ka sa shi a takarda marar sheƙi ka warware musu aikinsu.

Abu na ƙarshe a kan takarda: ka lura da farinta. Wasu ana sa musu sinadarin ƙara fari, aikinsa ɗaya da bula a farar riga, yana sa ido ya ga fari tas alhali shuɗi-shuɗi ne. Da shekaru yakan mutu, takardar ta koma ruwan madara, launin hotonka ya tafi da ita. Rag Photographique da Platine da Photo Rag Baryta ba su da shi. Riƙe takardar kusa da ta kwafi, in ta fi ta dusashewa kaɗan, alama ce mai kyau.

Girma kuwa lissafi ne. Megafiksel 24 shi ne fiksel 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. In ka raba da 300 a kowane inci, ka samu inci 20 da 13 da ɗoriya. Wato takardar A2, mai santimita 42 da 59.4, za ta ɗauke shi lafiya har da farin gefe na sa hannu. In ka yanke hoton sosai wajen gyara, tsaya a A3.

Na Bakin Kasuwa:

Yaya, duk wannan dogon karatu a kan hoto goma? Malam, koma wurin wankinka, ka ce su kashe gyaran nan, su yi maka a takardar Fuji Crystal Archive marar ƙyalli, ka sa firem mai kyau. Wanda zai saya zai rataye a falo ne, ba zai lasa ba. Kuɗin takardar Jamus ɗaya ya wanke maka goman nan har da canji.

Yaya Mai Firinta:

Ban ƙi taka ba gaba ɗaya. Crystal Archive takardar hoto ce ta gaske, da haske ake rubuta ta a wanke ta da magani, kuma manyan masu hoto da yawa sun sayar da aikinsu a irinta. In maganin injin sabo ne, mai injin kuma ya san aikinsa, ba abin kunya ba ce. Sharaɗi ɗaya: a rubuta gaskiyar abin da aka yi a bayan hoton. Abin da ba na so shi ne a wanke a injin albam a ce wa mai saye auduga ce. Sannan launinta rini ne, a bango mai haske tawadar gari za ta fi ta daɗewa. Shuɗin baba kuma, ka yi haƙuri, ban taɓa ganin ya fita a can yadda yake fita a barita ba.

Bazindire:

Ina gaida Baba, ina gaida Yaya. Ɗan'uwa, ni daga Damagaram nake, firem nake haɗawa, kuma abin da ke kashe hoto a ƙasarmu ba a cikin firinta yake ba.

Shekarun da kamfanoni ke cewa hoto zai yi, daga gwajin ɗakin bincike suke, irin na Wilhelm a Amurka, kuma lissafinsu na ɗaki ne mai zafin digiri 24. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, da damina bango ya jiƙe, da hunturu takarda ta bushe ta lanƙwashe. An taɓa kawo mini hoto mai tsada, an buga shi a waje, shekara uku kacal a bango. Wanda ya fara sa masa firem ya manna shi da gam a jikin katakon garin itace, ya kwantar da gilashi kai tsaye a fuskarsa. Danshi ya shiga, hoton ya kama gilashin, bayansa ya yi rawaya, fumfuna ta zana taswira a kusurwa. Ban iya ceto shi ba.

Don haka: in an buga, bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, da farar takarda a kansa saboda ƙura. Kada gilashi ya taɓa fuskarsa, a sa kwali mai taga a tsakani, kwalin kuma marar asid. Kada gam ko salatif ya taɓa shi, da 'yan kusurwoyi ake riƙe shi don ya samu wurin motsi in yanayi ya juya. A liƙe bayan firem ɗin ruf saboda ƙura da kyankyaso, a sa ɗan abu a ƙasan bayansa ya ɗaga daga bango, saboda gara da danshi. In za ka kai Abuja, a kwance tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, kuma ba a but ɗin mota ba. Barita in ka nannaɗe ta da ƙarfi fuskarta tana tsagewa. Sa hannu da fensir a ta auduga, barita kuwa fensir ba ya kama ta, sai alƙalami mai tawadar gari. Ka rubuta lambar kowane kwafi, 1/10, 2/10, wato na ɗaya ko na biyu cikin goma, in kuma ka ce goma to goma ɗin ce har abada.

Sannan ga wani abu don nishaɗi, tunda shuɗi kake bi. Akwai tsohuwar hanya da ake kira sayanotayif, wani Bature ɗan Ingila, John Herschel, ya gano ta a 1842. Gishirin ƙarfe iri biyu ake haɗawa a shafa wa takardar zane a inuwa, in ta bushe a ɗora dodo mai girman hoton a danne da gilashi, a shanya a rana 'yan mintuna, a wanke da ruwa zalla. Hoton yana fitowa shuɗi da fari, kuma kamar ƙyallen dattijonka, shuɗin yana ƙara zurfi yayin da yake shan iska. Rana dai ba mu saye. Sai dai ka kiyayi ruwa mai kanwa, yana cinye shuɗin. Ni na farko da na yi da ruwan rijiyarmu, kafin la'asar ya koɗe.

Ɗan Fagge:

Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri da shirun sati uku.

Yaya, kin kama ni dumu-dumu. Ta WhatsApp na tura, kuma hasken allona a ƙarshe yake. Da na sauke shi na ji kamar in yi kuka, sai da na sake gyara duka 14 daga farko.

Na samu mai P900 a Abuja, na roƙe shi furofayil ya turo ba musu. Na yi yadda Baba ya ce: na yanko wurare uku, hannun da ƙyallen, fuskar dattijon, da walƙiyar turkudin, na jera su a shafi ɗaya, kowanne sau uku da ɗan bambancin shuɗi. Aka buga shafin a A4 sau biyu, ɗaya a Photo Rag, ɗaya a Platine, direban mota ya kawo mini cikin kwali.

Ban tsaya duba su a ɗaki ba, na wuce da su marina da safe, na shimfiɗa a kan tabarma kusa da ramin. Ta audugar ta fi daɗin taɓawa, ba ƙarya, kuma fuskar dattijon ta yi taushi a kanta, har na so in karkata. Amma turkudin ya mutu, ya zama kamar baƙin yadin makaranta. A Platine kuwa yana walƙiya. Dattijon ya goge hannunsa a riga, na ce Baba kar ka taɓa, ya yi dariya ya nuna da haɓa: na tsakiya a layi na biyu, wanda na janye zuwa kore kaɗan. Ya ce wannan ya sha rami uku, na gefensa biyu ya sha. Ya kira na kusa da shi ya zo ya gani.

Na tsayar da takwas a Platine. Biyu na hazo, da na ɗauka ramukan ba kowa, su za su tafi a auduga. Na Bakin Kasuwa, kai ma ban watsar da taka ba, na koma wurin wankina an kashe gyaran, na yi ƙanana na rarraba wa marinan, sun fi na farko nesa ba kusa ba. Baba, na gwada hoton hannun a baƙi da fari, ya yi kyau har ya ba ni haushi, zan buga ɗaya in aiko Zariya.

Saura firem. Bazindire, duk inda na tambayi kwali marar asid a nan sai a miƙo mini kwalin zanen 'yan makaranta. In na rasa, zan iya yanka ragowar takardar audugar in shimfiɗa tsakanin hoton da bayan firem ɗin, ko ɓarnar kuɗi ce?